Yadda A Ke Haɗa Matacin Ruwa Don Tafkin Kifi Na Lambu

Ranar Litinin da ta wuce wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi ya iske ni a ofis, ransa a ɓace. Ya ce bara ya gina ɗan tafki na siminti a lambunsa na bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Abu ya yi kyau muddin rijiya na da ruwa, domin kowane kwana biyu ya kan zubar da ruwan tafkin ya sake sabo. Da bazara ta shigo rijiya ta ja baya, ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ya ga kuɗin ruwa na neman cinye ribar, sai ya rage canji. Wani ya ba shi shawara ya riƙa tace ruwan da yashi da tsumma. Ya yi haka, ruwa ya yi garau, amma kifi ba su daina mutuwa ba.

Ya ce mini, "Malam, wallahi har ƙasan tafkin ina hangowa, amma kullum da safe sai na kwashe matattu uku ko huɗu. To, me ke kashe su?"

Na ce, "Alhaji, abin da ke kashe su ba shi da launi, tsumma kuwa ba ya kama shi."

Da ya ke na san ba shi kaɗai wannan abu ya dama ba, shi ya sa na ga ya kamata mu ba da filinmu na wannan mako ga maganar matacin ruwa. Kiwon kifi dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da madatsar Kainji. Amma yanzu abin ya shigo cikin gida, manomi da ɗan kasuwa da akawu kowa na son ɗan kwaminsa na kifi a gefen lambu. Yawancinmu kuwa dabara ɗaya muka sani, watau zubar da tsohon ruwa a ɗebo sabo. Wannan dabara ta mai ruwa da yawa ce. Wanda ruwa ya yi masa tsada, tilas ya koyi yadda zai gyara wanda ke hannunsa ya mayar da shi.

DAUƊA IRI BIYU CE

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne dauɗar ruwan kifi iri biyu ce.

Ta farko ita ce wadda ido ke gani, watau kashin kifi, da sauran abincin da ba su ci ba, da ganyaye, da ƙura. Cikin kowane kilo guda na abincin da ka watsa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zai koma irin wannan dauɗa. In an bar ta ta kwanta, sai ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke numfashi da ita, ruwa ya yi wari.

Ta biyu ita ce wadda ido ba ya gani, sunanta amoniya. Kowa ya san warinta, ita ce ke sa ido hawaye in an shiga akurkin kajin da aka daɗe ba a share ba. Kifi ya kan fitar da ita ne ta jajayen ganyen nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, waɗanda da su ya ke numfashi. Ta na narkewa cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa, saboda haka ko ka tace ruwan da farin ƙyalle sau goma, ta na nan. Kilo guda na abincin kifi ya kan haifar da wajen giram 30 na wannan guba.

Bari mu yi lissafi. A ce tafkinka na cin lita 4,000, ka na da tarwaɗa 50, kowace ta kai rabin kilo. Nauyinsu duka kilo 25 ke nan. Kifin da ya kai haka ya kan ci wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, watau rabin kilo na abinci gare su duka. Wannan zai ba da giram 15 na amoniya, in an raba cikin lita 4,000 ya kusa miligiram 4 a kowace lita. Abin da a ke so kuwa kada ta wuce miligiram 1. Kun ga ke nan a rana ɗaya tak an ƙetare iyaka kusan ninki huɗu. Tarwaɗa na da jimiri, ba za ta mutu ran nan ba, amma za ta rage ci, ta daina girma, cuta ta sami ƙofa.

Har wa yau zafin wannan guba ya danganta ga halin ruwan. Akwai wani awo da a ke kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, lamba 7 ita ce tsakiya. In awon ya tashi daga 7 zuwa 8, ɓangaren amoniyar da ke cutar kifi ya kan ƙaru wajen ninki goma. Zafin rana ma na ƙara shi. Dalili ke nan da ya sa ɓarna ta fi yawa a watan Afrilu da Mayu. Shi ya sa kuma sabon tafkin siminti ba a zuba masa kifi nan da nan, sai an jiƙa shi an zubar, an sake jiƙawa an zubar, har wajen mako biyu, don sabon siminti na sa ruwa ya yi kanwa-kanwa.

MA'AIKATAN DA IDO BA YA GANI

To, in tsumma ba ya kama amoniya, me ke kama ta? Allah cikin ikonsa ya halicci waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, abincinsu ke nan. Wani masani mai suna Winogradsky, haifaffen birnin Kiyef, shi ne ya ware su ya bayyana aikinsu a shekarar 1890. Mu manoma mun daɗe muna cin moriyarsu ba mu sani ba, domin su ne ke cikin ƙasar gona su na mai da takin dabbobi da takin yuriya abin da saiwar dawa za ta iya sha.

Ƙungiya biyu ce. Ta farko ta na cin amoniya ta mai da ita naitirayit, wanda za mu kira guba ta biyu. Wannan ma mugu ne, ya na shiga jinin kifi ya mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, jinin ya kasa ɗaukar iska, kifi ya shaƙe alhali ya na cikin ruwa mai kyaun gani. Ƙungiya ta biyu kuma ta na cin wannan ta mai da shi naitiret, wanda ba ya cutar kifi sai ya taru da yawa, shi ne kuma ainihin takin da ganye ke so.

Waɗannan ƙwayoyi na da buƙatu huɗu. Su na son wurin maƙalewa, domin ba a cikin ruwa su ke yawo ba, a jikin dutse ko roba su ke zama, su yi ɗan santsi mai launin ƙasa. Su na son iska da yawa. Su na son ruwa ya riƙa gudana a kansu dare da rana ya na kawo musu abinci. Kuma su na son a yi haƙuri da su, gama ba su da saurin yaɗuwa, ƙwaya ɗaya ta kan yi kusan kwana guda kafin ta zama biyu. Saboda haka mataci na gaskiya ba rariya kaɗai ba ne. Rabinsa rariya, rabinsa garke ne na dabbobi masu rai, wanda ya haɗa shi kuwa ya zama makiyayinsu.

A AUNA KAFIN A SAYA

Kada ka je kasuwa sai ka yi awo uku.

1. Ruwan tafki. Auna tsawo da faɗi da zurfin ruwa da mita, ka ninka su, sa'an nan ka ninka da 1,000. Mita 2 sau mita 2 sau mita 1 ya ba da lita 4,000, watau cikin duro 20 na galan 44.

2. Ƙarfin injin tura ruwa. A ke so ruwan tafkin duka ya ratsa mataci sau ɗaya cikin awa ɗaya ko biyu. Ga lita 4,000 ke nan a nemi injin da zai ba da lita 2,000 zuwa 4,000 a awa. Amma fa a lura, lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruwan da ba a ɗaga sama ba ce, in injin ya hau da ruwa ƙafa 6 sai ƙarfinsa ya ragu. Ka gwada da kanka bayan an haɗa. In jarka mai lita 20 ta cika cikin rabin minti, lita 2,400 ke nan a awa, ya isa.

3. Abinci. Wannan shi ne awon da mutane ke mantawa. Girman mataci ba ga girman tafki ya ke bi ba, ga yawan abincin da a ke watsawa ya ke bi. Ni ƙa'idata ita ce duro ɗaya na gidan ƙwayoyi ga kowane giram 250 na abinci a rana. Mai kifi 50 ɗin nan zai fara da duro ɗaya sa'ad da su ke ƙanana, amma kafin su kai rabin kilo lalle ya ƙara na biyu. Mai kifi 500 a ɗan wuri kada ya zaci duro uku za su fisshe shi.

KAYAN AIKI

Duro uku na roba, kowane lita 200. Ƙaramin injin tura ruwa irin wanda a ke nutsarwa. Bututun roba na inci 1 daga injin zuwa duro na farko, da na inci 2 tsakanin duro da duro, domin ruwan da ke gangarowa da kansa ya fi na inji bukatar faɗin hanya. Gwiwoyin bututu, da mahaɗi irin wanda masu gyaran famfo ke sa wa tankin ruwa, da kan famfo babba guda biyu. Kwandunan roba biyu, da roba mai faɗi ɗaya. Buhunan albasa na raga, ko tsohuwar komar kamun kifi. Tsakuwa mai girman goro. Bulo na dandamali.

Abu uku na ke gargaɗi a kansu ƙwarai. Kada a yi aiki da duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko maganin ciyawa, ko mai, ko fenti, ko da an wanke. A nemi wanda aka zubo kayan abinci a ciki. Na biyu, kada a sa gidan sauro a mataci. Gidan sauron da a ke rabawa an jiƙa shi da maganin kashe sauro, wannan magani kuwa ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifi. Na uku, tsakuwar da aka ɗebo daga kududdufi ko gulbi a wanke ta a shanya a rana kwana uku ko huɗu, saboda ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Yashi mai laushi ba ya cikin kayanmu, gama dauɗar kifi ta kan toshe shi cikin kwana kaɗan. Gawayi na girki kuma ba laifi in an wanke ƙurarsa, amma aikinsa na wurin maƙalewa ne kamar tsakuwa, ba ya shanye amoniya yadda wasu ke faɗi.

YADDA A KE HAƊAWA

Inji ne zai hau da ruwa sau ɗaya, daga nan ruwan ya gangaro da kansa daga duro zuwa duro har ya koma tafki. Saboda haka duro na uku ya zauna a bakin tafki, gindinsa sama da fuskar ruwa. Na biyu a kan dandamali mai tsayin ƙafa 3, na ɗaya kuma ya ɗara shi da bulo guda. A gina dandamalin da ƙarfi, don duro cike da ruwa ya wuce kilo 200.

Duro na ɗaya, na kwantar da laka. A shigo da bututun inji a tsakiyar tsayin duron, a sa masa gwiwa ta ciki a juya bakinta ta bi jikin bango, yadda ruwa zai riƙa kewayawa a hankali. Duk wanda ya taɓa juya shayi da cokali ya ga yadda ganyen ke taruwa a tsakiyar gindin kofi. Haka kashin kifi zai taru. A sa kan famfo a can ƙasa don fitar da shi. Mafitar ruwa kuwa ta kasance sama, bakin bututunta a tsakiyar duron, taƙi ɗaya ƙasa da baki. Ba a sa kome cikin wannan duro.

Duro na biyu, rariya. Bututun da ya fito daga na ɗaya ya sauka har kusa da gindi. A kifa kwando a ƙasa don a bar fili, a cusa buhunan albasa a kansa har kusa da baki, kada a danna su da ƙarfi, a aza bulo guda a kai don kada su taso. Ruwa zai taso daga ƙasa ya ratsa su ya fita ta sama, ƙananan dauɗa su maƙale. Nan ma a sa kan famfo a ƙasa. A can saman mafita kuma a ƙara wani bututu da zai koma tafki kai tsaye, domin ran da raga ta toshe ruwa ya sami hanya, kada ya malala ƙasa.

Duro na uku, gidan ƙwayoyi. A kifa kwando a ƙasa, a cika da tsakuwa. Wanda ya sami fasassun tukwanen ƙasa, ko murafan robobin ruwa da na lemo, su ma sun yi, murafan ma sun fi sauƙin ɗauka. A huhhuda gindin robar nan mai faɗi da ƙusa mai zafi, a aza ta a bakin duron, ruwa ya zuba cikinta ya riƙa yayyafi a kan tsakuwa ko'ina. Mafita ta kasance a gindi, mai faɗi, yadda ruwa ba zai taɓa taruwa a ciki ba. Nufinmu tsakuwa ta zauna a jiƙe amma ba a nutse ba, iska na ratsa ta. A huda 'yan ramuka kusa da baki da kuma taƙi ɗaya sama da mafita don iska ta shiga ta fita. A rufe da buhu ko faifai saboda rana. Ruwan da ya fito ya faɗa tafki daga sama da ƙara, a gefen da ke nesa da inji.

Aikin ƙwayoyin nan ya kan sa ruwa ya riƙa yin tsami a hankali, in ya yi tsami da yawa kuwa sai su yi sanyi da aiki. Maganin wannan shi ne a ƙulla mudu ɗaya ko biyu na ɓawon kodi, ko farin dutsen nan da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa don ƙarfin ɓawon ƙwai, a cikin raga, a ajiye inda ruwa ke bi. Ba toka ba, ba kanwa ba, ba farar ƙasa ta shafen ɗaki ba.

Shi kuma inji a sa shi cikin kwando don kada ya zuƙe ganye ko 'ya'yan kifi, a aza shi kan bulo guda. In bututu ya cire da dare, ba zai kwashe ruwan duka ba, da safe za ka tarar da kifinka cikin ɗan abin da ya rage. Mahaɗin waya ya kasance nesa da ruwa, a rufe. Kuma kowa a gidan ya sani, ba a sa hannu a tafki sai an zare wuta.

RAINON SABON MATACI

Ran da aka gama haɗawa, mataci bai fara aikinsa na biyu ba tukuna, gama gidan ne aka gina, masu gida ba su tare ba. Su kan zo da kansu, amma sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su cika. Sun fi son ɗumi na awo 25 zuwa 30, saboda haka da hunturu, ko a wuri mai sanyi irin Jos, abin ya kan fi haka daɗewa. In maƙwabcinka na da tsohon mataci, kifinsa kuma lafiyayyu ne, roƙe shi kwano biyu na tsakuwarsa, ka kawo ta a jiƙe nan da nan ka zuba a saman taka. Kamar yadda a ke sa tsohon nono cikin madara ne don ta yi saurin kamawa.

Cikin wannan wa'adi a fara da kifi kaɗan, kamar 10 cikin 50 ɗin, abinci kuma kaɗan. A mako biyun farko amoniya ce za ta hau. Daga nan ta sauka, guba ta biyu ta hau, nan ne kuwa mutane suka fi hasara don sun zaci an gama. Gishirin miya na tare wannan guba daga shiga jinin kifi. A narka kilo 1 ga kowace lita 1,000 a zuba. Masu sayar da abincin kifi a manyan garuruwa su kan sayar da 'yan kwalaben awon ruwa, a ɗiga cikin ruwan tafki a gwada launinsa da takarda. Wanda ya iya saye ya saya, ya auna sau biyu a mako, ya rubuta a littafi. In gubar biyu sun sauka kusa da babu, sun zauna haka mako guda, to, mataci ya nuna, sai a riƙa ƙara kifi kashi-kashi.

Wanda bai da kwalaben awo ya karanta kifinsa. In sun ƙi abinci, ko tarwaɗa na rataye a tsaye a fuskar ruwa, ko karfasa na haɗiyar iska da asuba, ko kumfa ta ƙi bajewa, a tsai da abinci, a canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi.

WANKI, DA KUSKUREN DA NA YI

A nan zan faɗi abin da ya same ni, ko wani ya tsira. Shekarar da na fara wannan aiki na haɗa mataci a gida, ya yi wata biyu ya na aiki, kifi na ci su na girma. Wata rana za a kawo mini baƙi su gani, na buɗe duro na uku na ga tsakuwa ta yi santsi ta yi launin ƙasa, kunya ta kama ni. Na juye ta duka na wanke da ruwan famfo da garin sabulu, na shanya a rana, na mayar fes. Baƙi suka yaba. Kwana biyar ba su cika ba kifi suka ƙi abinci, kafin in gane abin da na yi fiye da rabinsu sun mutu, ruwa kuwa garau kamar na Alhaji. Na karanta wannan darasi a makarantar aikin gona, amma sai da na kwashe matattu da hannuna ya zauna mini. Santsin nan da na kankare shi ne matacin.

Ga ƙa'idar wanki. Duro na ɗaya, kowace safiya a buɗe famfon ƙasa har baƙin ruwa ya ƙare, bokiti ɗaya ko biyu. Duro na biyu, sau ɗaya a mako, ko duk sa'ad da aka ga ruwa ya rage gudu, a fitar da buhunan a girgije su cikin ruwan da aka ɗebo daga tafki. Duro na uku a ƙyale shi. In ya toshe, a ɗauraye kashi ɗaya cikin uku kaɗai da ruwan tafki, a bar saura sai bayan mako biyu. Sabulu kada ya kusance shi. Ruwan famfo na gari akwai maganin kulorin a ciki, aikinsa ke nan kashe ƙwayoyi, bai san nagari da mugu ba. In da shi za a ƙara ruwa, a tara a buɗaɗɗen duro ya kwana biyu. Haka nan maganin ƙwayoyin cuta da wasu ke zubawa a tafki ya na kashe na mataci. Kifin da ba shi da lafiya a ware shi a yi masa magani a wani baho.

IN WUTA TA ƊAUKE

Wannan ita ce babbar matsalarmu, kuma saboda ita ne na zaɓi duro na uku ya zama mai yayyafi. Tsakuwar da ke nutse cikin ruwan da ba ya gudu ta kan rasa iska cikin 'yan awoyi, amma wadda ke jiƙe cikin iska ta na jurewa. In wuta ta daɗe, a riƙa ɗibar bokiti guda daga tafki a na zubawa a robar sama kowace awa biyu ko uku. Kada a ba da abinci sai inji ya tashi. In duro na ɗaya da na biyu sun kwana ba gudu, a shinshina. In an ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce, a buɗe famfon ƙasa a zubar da ruwan duka kafin a kunna. Mai hali ya sa faifan sola da batir. Wanda injinsa da rana kaɗai ke aiki, ya ba da abinci da safe da tsakar rana, ya bar na yamma, ya kuma rage yawan kifi.

ABIN DA MATACI BA YA YI

Mataci na rage canjin ruwa, ba ya kawar da shi. Takin nan naitiret na taruwa, saboda haka kowane mako a fitar da kashi ɗaya cikin goma na ruwan, ko fiye in kifi sun girma. Ga tafkinmu duro biyu ke nan a mako, maimakon duro 20 kowane kwana biyu. Wannan ruwa da laƙar duro na ɗaya kada a zubar a kwata. A ja su zuwa kwamin alayyafo da kuɓewa da tumatir, ko gindin ayaba, a zuba a ƙasa ba a kan ganye ba. Sai dai ruwan da aka sa wa gishiri, shi kam a gauraya da wani, ko a kai shi nesa da shuka.

Koren ruwa ma mataci ba ya kama shi. Gansakuka ce ƙanana, rana da taki ke kawo ta. Kaɗan ba laifi, karfasa ma cinta ta ke yi. Amma in ta yi kauri ta kan shanye iska da dare. A yi wa rabin tafki rumfa da zana, a sa kainuwa ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku, a riƙa rage ta a na kai wa ramin taki. A rufe duro na ɗaya da na biyu saboda sauro, a kuma kewaye tafkin saboda yara ƙanana.

GA MASU AKWATIN GILASHI

Akawuna da masu kanti da ke ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi, karatun duka ɗaya ne. Ɗan soson da ke cikin matacinku shi ne duro na biyu da na uku a haɗe. A matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, ba a bakin famfo ba. Kada a sake soso da ruwa duka rana ɗaya, kada kuma a kashe injin in an tashi daga aiki.

Alhaji ya tafi da zanen duro uku a bayan ambulan, na kuma ce masa kafin ya sayi ko gwiwar bututu ɗaya ya auna abincin da ya ke watsawa a rana, ya rage kifinsa su yi daidai da abin da matacin zai ɗauka. Haka na ke faɗa wa kowa. Wanda ya haɗa nasa ya gamu da wata matsala, ya rubuto wa wannan fili, ya faɗi girman tafki da yawan kifi da nauyin abinci, in Allah ya yarda za mu amsa. Mako mai zuwa za mu duba yadda a ke zaɓen 'ya'yan tarwaɗa da yadda a ke ɗauko su daga nesa ba su galabaita ba. Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke kiwo, amin.